Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya a ɗakin masu tsananin jinya: me ake yi, me aka daina yi?

A ɗakin kula da masu tsananin jinya, idon baƙo yakan fara sauka ne kan allon da ke nuna bugun zuciya, ko kan na'urar da ke hura wa majinyaci numfashi. Gogaggiyar ma'aikaciyar jinya kuwa takan sunkuya ta duba wani abu da ke rataye can ƙasa a gefen gado, wato jakar fitsari da ɗan ma'aunin da ke bisa kanta. Kowace awa sai ta karanta, ta rubuta, ta juye. Mutum mai nauyin kilo 70 ana so ya fitar da aƙalla mililita 35 a awa, abin da bai cika babban cokali uku ba. In ta rubuta 25, awa ta zagayo ta rubuta 18, ta sake zagayowa ta rubuta 10, ba ta jiran sakamakon gwajin jini kafin ta ce, "Likita, zo ka ga fitsarin mai gado na huɗu." Sau da yawa wannan kiran shi ne labarin farko da ake samu cewa ƙoda ta fara sarewa.

Likitoci suna kiran wannan raunin ƙoda na farat ɗaya, a taƙaice AKI. Daban yake da ciwon ƙodar nan da ke cin mutum a hankali shekara da shekaru saboda ciwon suga ko hawan jini. Shi wannan cikin awoyi ko 'yan kwanaki yake faɗowa, kuma galibi kan wanda wata cutar ta riga ta kayar. A da kowa da irin ma'aunin da yake gane shi da shi, har ma'anonin suka haura 30, abin da ya sa ba a iya kwatanta binciken wani da na wani. A 2004 aka fito da ma'aunin RIFLE, a 2007 na AKIN ya biyo baya, sannan a 2012 ƙungiyar KDIGO, mai tsara ƙa'idojin jinyar ƙoda a duniya, ta haɗe su wuri guda. Yanzu ana cewa mutum ya kamu idan sinadarin kiriyatinin na jininsa, wani datti da ƙoda ke fitarwa, ya ƙaru da miligiram 0.3 a kowace desilita cikin awa 48, ko ya kai ninki ɗaya da rabi na yadda yake a da cikin kwana 7, ko kuma fitsarinsa ya gaza rabin mililita ga kowane kilo a awa har tsawon awa 6. Mataki uku ne, na ukun shi ne inda kiriyatinin ya ninka sau uku ko fitsari ya ɗauke gaba ɗaya na awa 12. Da aka auna da wannan ma'auni a binciken AKI-EPI da aka wallafa a 2015, wanda ya bi majinyata 1,802 a ɗakunan kulawa 97 na ƙasashe 33, sai aka ga kashi 57 cikin 100 sun kamu. Fiye da rabin gadajen ɗakin ke nan.

Duk da wannan yawa, har yau babu allura ko ƙwayar da aka tabbatar tana warkar da ƙodar da ta ji irin wannan rauni. Ita ke gyara kanta idan aka ba ta hali. Abin da ke hannun likita shi ne ya kawar da abin da ya buge ta, ya tsare ta daga bugu na biyu, ya kuma riƙe ran majinyaci har ta farfaɗo. Wanda ya bi tarihin fannin na shekara talatin ɗin da suka wuce zai lura cewa galibin ci gaban da aka samu na janye hannu ne daga abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya, waɗanda da aka gwada su da kyau sai aka tarar garin neman ƙiba ake samo rama.

Dalilin saurin jigatar ƙoda yana cikin yadda aka halicce ta. Ƙodojin biyu in an haɗa ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma kusan ɗaya bisa biyar na jinin da zuciya ke turowa ta cikinsu yake bi. Kowace tana ɗauke da ƙananan matatu kusan miliyan ɗaya, kowace matata da siririn bututunta. Suna tace kimanin lita 180 a rana, bututan su sake tsotse kusan duka su mayar cikin jini, a bar wajen lita ɗaya da rabi ta fita a fitsari. Wannan tsotsa aiki ne mai cin oksijin sosai, alhali can tsakiyar ƙodar, inda wasu sassan bututan suke, da kyar oksijin ke isa ko mutum na cikin ƙoshin lafiya. Da ƙarfin jini ya faɗi ko guba ta shigo, nan ne ke fara ji a jika.

A ɗakin masu tsananin jinya babban sanadi shi ne sefsis, wato ƙwayoyin cuta su mamaye jiki har garkuwarsa ta ruɗe ta koma tana lalata gaɓɓansa. Bayan shi akwai babbar tiyata, musamman ta zuciya, da zubar jini, da gazawar zuciya ko hanta, da magunguna, da murƙushewar tsoka. Wannan na ƙarshe masu bincike biyu a Landan, Bywaters da Beall, suka bayyana shi a 1941, bayan sun ga mutanen da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gine-ginen da bama-baman Jamus suka rusa: a ciro mutum kamar ba abin da ya same shi, bayan 'yan kwanaki fitsari ya ɗauke ya rasu, saboda wani sinadari da dagargajajjiyar tsoka ta sako ya toshe bututan ƙoda. Wani abin lura game da sefsis shi ne, da aka duba ƙodojin waɗanda ya kashe, an ga yawancin ƙwayoyin halittar ba su mutu ba. Kamar dai sun ajiye aiki ne don su tsira da ransu. Shi ya sa ƙodar da ta yi mako biyu ko uku ba ta ba da ɗigon fitsari ba kan iya tashi daga baya.

Matsalar farko ita ce gane abin da wuri. Kiriyatinin ihu ne bayan hari. Sai ƙoda ta yi asarar aiki mai yawa, kuma sai kwana ɗaya ko biyu sun wuce, kafin ya hau. Ga shi ruwan da aka ɗura wa majinyaci yana tsarma shi, tsoho ko ramamme kuma dama ba ya samar da shi da yawa tunda daga tsoka yake fitowa. An samo wasu alamu a fitsari da ke nuna ƙoda na cikin wahala tun kafin kiriyatinin ya motsa, irin su NGAL da gwajin NephroCheck da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014. A birnin Munsta na Jamus an yi amfani da gwajin wajen zaɓo masu haɗari bayan tiyatar zuciya a binciken PrevAKI na 2017, aka ba rabinsu kulawa ta musamman, sai masu kamuwa suka sauko daga kusan kashi 72 zuwa 55. To mece ce kulawar? Lura da ruwan jiki da ƙarfin jini sosai, janye magunguna masu cutar da ƙoda, hana suga hauhawa, ƙirga fitsari. Babu sabon abu ko ɗaya a ciki. Gwajin tunatarwa kawai ya yi, kuma ni a ganina duk ɗakin da ba shi da gwajin yana iya yin wannan kulawar ga duk wanda ya ga yana cikin haɗari.

Idan fitsari ya ragu, kafin a shiga dogon lissafi a fara da abin da ke kusa. Robar fitsari kan lanƙwashe a ƙarƙashin cinya, ko gudan jini ya toshe ta. A taɓa mara, in ta cika ta yi tauri a wanke robar ko a sauya ta, sai ka ga lita guda ta zubo, magana ta ƙare. Hoton sikanin zai nuna ko wani abu ya toshe hanya daga sama. Wanda cikinsa ya kumbura ya ɗaure bayan tiyata, a auna matsin cikin ta hanyar mafitsara. In ya haura 20 kuma gaɓɓai sun fara gazawa, ƙodar matse ta aka yi, ƙarin ruwa ba zai buɗe ta ba. A sa fitsarin ƙarƙashin madubin likita: in an ga wasu dunƙule-dunƙule masu launin laka, bututan ne suka saɓule, in jini da furotin aka gani, watakila cutar a matatun take, kuma maganinta daban ne.

Sai batun ruwa, wanda nan ne aka fi yin kuskure ta fuska biyu. Wanda ya bushe saboda gudawa, amai ko zubar jini, ƙarin ruwa da wuri shi ne cetonsa, babu ja a kan wannan. Amma an daɗe da wata ɗabi'a a asibitoci: fitsari ya ragu, a ƙara leda ɗaya, bai ƙaru ba, a ƙara wata. A haka mutum zai tara lita takwas ko goma a jiki cikin kwana uku, fuska ta kumbura, huhu ya jiƙe, a rasa yadda za a cire shi daga na'urar numfashi. Ita kanta ƙodar tana cikin wata tauraruwar fata ce da ba ta buɗewa. Idan ta kumbura, ko jijiyoyin da ke kwashe jini daga cikinta suka cika suka yi tauri, tacewar ce ke ƙara raguwa. Ruwan da aka ba ta don ta tashi shi ke danne ta. Abin da ake yi yanzu shi ne a tambaya kafin kowace leda: shin zuciya za ta ƙara turo jini in an ba da wannan? Ana gwadawa ta hanyar ɗaga ƙafafun majinyaci sama a ga ko abin da zuciya ke fitarwa ya ƙaru, ko a duba zuciyar da manyan jijiyoyi a sikanin. In amsar a'a ce, a tsaya. Idan ƙarfin jini ya daidaita kuma, a fara tunanin rage abin da aka tara.

Irin ruwan ma an sha muhawara a kansa. An yi yayin wani ruwa mai sitaci da ake kira HES, ana cewa ya fi zama cikin jijiya. A 2012 bincike biyu suka fito, 6S daga ƙasashen arewacin Turai da CHEST daga Ostireliya da Niyu Zilan mai ɗauke da majinyata 7,000, dukansu suka nuna waɗanda aka ba shi sun fi buƙatar wankin ƙoda, a 6S har mace-mace sun fi yawa. A 2022 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar dakatar da shi. Ruwan gishiri da aka saba da shi kuwa yana ɗauke da sinadarin kuloraid awo 154 a lita, alhali na jini wajen 100 ne, kuma yawansa na iya ƙara tsamin jini. Binciken SMART na 2018 a Amurka, kan mutum 15,802, ya nuna ɗan fifiko ga ruwan da aka daidaita shi da jini irin su Ringa: kashi 14.3 suka gamu da mutuwa ko wankin ƙoda ko dawwamammen rauni, a ɗaya ɓangaren 15.4. BaSICS na Brazil a 2021 da PLUS a 2022 ba su ga bambanci a fili ba. In akwai amfani dai ƙarami ne, amma tunda ba ya cutarwa, likitoci da yawa sun karkata ga daidaitaccen ruwan, ban da mai rauni a ƙwaƙwalwa wanda ruwan gishiri ya fi dacewa da shi.

Idan jijiyoyi suka saki saboda sefsis, ruwa kaɗai ba ya ɗaga ƙarfin jini, sai an haɗa da noradirenalin, maganin da ke matse jijiyoyin jini. An taɓa jin tsoron cewa matse jijiyoyi zai hana ƙoda jini, amma barin ƙarfin jini a ƙasa ya fi yi mata illa. Abin da aka saba nema shi ne matsakaicin ƙarfi na 65. A 2014 Faransawa suka gwada ɗaga shi zuwa 80 ko 85 a binciken SEPSISPAM kan mutum 776: mace-mace ba su ragu ba, rikicewar bugun zuciya ta ƙaru, sai dai masu tsohon hawan jini sun ɗan rage buƙatar wankin ƙoda. Ke nan 65 wurin farawa ne, wanda ƙodarsa ta saba da hawan jini ana iya ɗaga masa a ga ko fitsari zai amsa.

Maganin dofamin kaɗan-kaɗan, wanda aka yi shekaru ana ɗurawa da sunan "na ƙoda", an binne shi a 2000 lokacin da gwaji kan majinyata 328 a Ostireliya da Niyu Zilan ya nuna bai tsinana komai ba. Lasix kuwa, maganin da ke sa fitsari, yana nan daram, sai dai a san aikinsa. Yana fitar da ruwan da ya taru, kuma wannan babban amfani ne ga mai jiƙaƙƙen huhu. Ba ya hana rauni, ba ya gaggauta warkewa. Jakar fitsari ta cika, hankalin kowa ya kwanta, amma kiriyatinin na ci gaba da hawa. Akwai wata dabara mai kyau da aka bayyana a 2013: a ba majinyacin da ba a bushe yake ba miligiram 1 ga kowane kilo, ko 1.5 in ya saba shan maganin, a jira awa biyu. In fitsarin bai kai mililita 200 ba, alama ce mai ƙarfi cewa abin zai yi tsanani, sai a fara shiri.

Takardar magungunan majinyaci ta cancanci a karanta ta kowace safiya da ido irin na mai neman ɓarawo. Jentamaisin da amikasin, bankomaisin, kolistin, amfoterisin, da magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak da aibufurofen, duk suna taɓa ƙoda. Wanda za a iya cirewa a cire, wanda ya zama dole a riƙa auna yawansa a jini. Amma a nan ma akwai gudun gara a faɗa gidan zago. Likita ya ga kiriyatinin ya hau sai ya rage maganin kashe ƙwayoyin cuta tun daga allurar farko, alhali jikin mai sefsis cike yake da ruwa, maganin tsarmuwa yake yi. Cutar da ta kayar da ƙodar sai ta samu sarari. Allurar farko cikakkiya ake bayarwa, gyaran ya biyo baya. Haka ruwan da ake ɗurawa a jijiya don hoton siti sikan ya fito sosai: tsoronsa ya fi ainihin haɗarinsa, kuma bai kamata a hana mutum hoton da zai nuna inda ruɓa ko zubar jini take ba don ana tattalin ƙoda. Magungunan da ake haɗawa da shi don kariya, asetilsistin da ruwan baikabonet, binciken PRESERVE na 2018 ya nuna ba su ƙara komai ba.

Abin da ke kashe mai wannan rauni cikin dare ɗaya shi ne fotashiyam, wani sinadarin jini da ke taruwa in ƙoda ta tsaya har ya tsayar da zuciya. A lafiya yana tsakanin 3.5 da 5. A ce ƙarfe uku na dare ɗakin gwaji ya bugo waya ya ce 6.9. Kafin a aje wayar an jawo na'urar zanen bugun zuciya, a ga wani tudu a zanen ya yi tsini kamar tanti, layukan sun fara faɗi. Nan take a ɗura kalsiyam a jijiya. Ba ya rage fotashiyam ko kaɗan, zuciya kawai yake tsarewa, na rabin awa zuwa awa ɗaya. Sai insulin awo 10 tare da gulukos giram 25, da shaƙar salbutamol, waɗanda ke kora fotashiyam ɗin cikin ƙwayoyin halitta. Ɓoye shi aka yi, yana nan a jiki, bayan 'yan awoyi zai dawo in ba a fitar da shi ta fitsari, ta hanji ko ta na'ura ba. Kuma tunda ƙoda ce ke share insulin daga jini, mai raunin ƙoda sugansa na iya faɗuwa awa biyu ko uku bayan an gama murna. Dole a ci gaba da tsira masa yatsa ana aunawa.

Fotashiyam da ya ƙi sauka, jinin da ya yi tsami ƙwarai, huhun da ya cika da ruwa Lasix ya kasa, dattin jini da ya taɓa ƙwaƙwalwa ko fatar da ke lulluɓe da zuciya, da wasu gubobi irin su litiyam da metanol: a waɗannan babu mai gardama, wankin ƙoda ake yi ba ɓata lokaci. Ga tsamin jini, binciken BICAR-ICU na Faransa a 2018 ya nuna ruwan baikabonet, mai rage tsami, na rage yawan masu kaiwa ga na'urar wankin, don haka yana iya sayo lokaci.

Gardamar tana kan wanda ƙodarsa ta tsaya amma babu ɗaya daga cikin waɗannan. A fara masa yau, ko a jira? Tun lokacin da Willem Kolff ya harhaɗa na'urar farko a Holan ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, da gangar da ke juyawa da ledar selofen, har ta ceci wata mata mai shekara 67 a 1945, hankali yake ba mutum cewa gara a wanke jini tun bai ɓaci ba. A 2016 binciken ELAIN daga Munsta, kan mutum 231 da galibinsu an yi musu tiyata, ya goyi bayan haka: kashi 39 suka rasu cikin waɗanda aka fara wa da wuri, 55 cikin waɗanda aka jinkirta wa. Amma asibiti ɗaya ne, mutanen kuma kaɗan. A shekarar dai AKIKI ya fito daga Faransa da mutum 620, babu bambanci a mace-mace, kuma kusan rabin waɗanda aka jira wa ba su taɓa buƙatar na'urar ba. IDEAL-ICU na 2018 kan masu sefsis bai ga ribar gaggawa ba shi ma. Sannan a 2020 babbansu ya zo, STARRT-AKI, mutum kusan 3,000 a asibitoci 168 na ƙasashe 15. Bayan kwana 90, kashi 43.9 sun rasu a ɓangaren gaggawa, 43.7 a ɓangaren jira. Cikin waɗanda suka rayu, kashi 10.4 na ɓangaren gaggawa suna kan wankin ƙoda har lokacin, a ɓangaren jira kashi 6 ne kawai.

Wannan adadi na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. Na'urar ba ruwan sanyi ba ce. Ana cusa ƙaton bututu a jijiyar wuya ko ta cinya, ana iya huda abin da ba a yi niyya ba, ƙwayoyin cuta na samun ƙofa. Kuma duk lokacin da ƙarfin jini ya faɗi ana tsakiyar wanki, ƙodar da ta fara murmurewa sabon bugu take sha, domin a wannan halin ba ta iya daidaita jinin da ke shigarta. Sai dai jira ma yana da iyaka. AKIKI 2 na 2021 ya ɗauki mutum 278 da suka yi fiye da awa 72 fitsari ba ya zuwa sosai, ko dattin yuriya ya hau ƙwarai, aka ƙara jinkirta wa rabinsu. Ba a ci wata riba ba, har ma akwai alamar mace-mace sun ƙaru. Jiran da ake nufi na mai gadi ne da ke zaune ido buɗe, ana duba fotashiyam da tsamin jini da nauyin ruwa sau biyu ko uku a rana, bututu da na'ura suna kusa.

Irin wankin da za a yi bai kai wannan rikici ba. Akwai na awa uku zuwa huɗu, mai sauri. Akwai mai tafiya dare da rana a hankali, wanda Peter Kramer ya fara a Gotingen ta Jamus a 1977. Akwai na tsakiya mai awa shida zuwa goma sha biyu, akwai kuma wanda ake zuba ruwa a cikin ciki tantanin cikin ya yi tacewar, wanda ke da amfani ga ƙananan yara da wuraren da ba na'ura. Ba a nuna ɗaya ya fi sauran ceton rai ba. Wanda jininsa ke tangal-tangal a kan noradirenalin, ko wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, na hankalin ya fi masa, domin saurin sauya sinadaran jini na ƙara kumburin. In ba haka ba, wanda ma'aikatan wurin suka iya shi ne mafi alheri.

Yawan wankin ma an ɗauka yawa ya fi. Wani bincike daga Bicenza ta Italiya a 2000 ya nuna haka, aka yi ta ƙara gudun na'urori. Sai ATN na Amurka a 2008 da RENAL a 2009 suka gwada a kan mutum sama da 1,000 kowanne. A RENAL, tsakanin mililita 40 da 25 ga kowane kilo a awa, mace-mace kashi 44.7 ne a ɓangarorin biyu. Yanzu 20 zuwa 25 ake so ya isa ga majinyaci, a rubuta sama da haka kaɗan tunda na'ura kan tsaya in matata ta toshe ko an fita da shi ɗaukar hoto. Ga mai kilo 70, wajen lita 42 ke nan a rana. Don kada jini ya daskare a matatar an fi son sitiret, wanda ke aiki a cikin na'urar kawai, bisa hefarin da ke tsinka jinin jiki duka, sai dai mai lalatacciyar hanta yana buƙatar sa ido. Wurin sa bututu kuwa jijiyar wuya ta dama ce farko, ta ƙarƙashin ƙashin wuya ita ce ƙarshe, saboda in ta tsuke za ta ɓata hannun da watakila a buƙace shi nan gaba.

Na'urar ba ta san mai amfani da marar amfani ba. Tana kwashe fosfet har numfashi ya yi rauni, tana kwashe magunguna, da zafin jiki har zazzaɓi ya ɓuya, da sinadaran gina jiki. Saboda haka tsohuwar al'adar rage wa mai ciwon ƙoda furotin ba ta da gurbi a nan. Wanda ke kan wanki dare da rana ana iya ba shi har giram 1.7 ga kowane kilo.

Dangi kusan tambaya ɗaya suke yi idan aka kawo takardar sa hannu: "Likita, shi ke nan wankin ƙoda har ƙarshen rayuwa?" Amsar gaskiya ita ce yawancin waɗanda suka tsira daga cutar da ta kwantar da su suna rabuwa da na'urar, amma ba kowa ke tsira ba, kuma wankin ba ya warkar da sefsis ko zuciya. Ga tsoho mai cututtuka da yawa, ya fi kyau a yi magana tun farko: za a gwada na kwana kaza, sannan a zauna a duba tare.

Alamar dawowa ma a jakar nan take fara bayyana. In fitsari ya haura wajen mililita 400 a rana ba tare da Lasix ba, ana iya gwada tsayar da na'ura. Wani lokaci ƙodar da ta farka kan ɓalle da fitsari, lita huɗu ko biyar a rana, domin bututan ba su koma tsotsa ba tukuna, sai a koma fama da bushewa da ƙarancin fotashiyam ɗin da aka yi ta yaƙi da yawansa mako guda da ya wuce.

Ranar sallama kiriyatinin yakan yi kyau a takarda, amma mutumin da ya yi mako uku a kwance ya zubar da tsoka mai yawa, don haka adadin na iya nuna ƙodar ta fi yadda take. Gwajin wani sinadarin jini da ake kira sistatin C ba ya ruɗuwa da wannan. Wanda ya taɓa kamuwa yana cikin haɗarin sake kamuwa, da ciwon ƙoda mai daɗewa, da ciwon zuciya. KDIGO ta ce a sake duba shi bayan wata 3. A rubuta a takardar sallama cewa ya yi raunin ƙoda da matakin da ya kai, a faɗa masa da baki ya guji magungunan ciwon jiki irin su daikulofenak, a bayyana waɗanne magungunan hawan jini ko na suga aka dakatar da wanda zai yanke shawarar mayar da su, sannan a ba shi ranar da zai dawo a auna jininsa da furotin ɗin fitsarinsa.